Fitila Marar Lagwani: Amfaninta da Halayenta

Gabatarwa

Kowace fitila da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa tana da wani sashe da ke cinyewa. A fitilar aci-balbal da ta kananzir, lagwani ne. A ƙwan lantarki na da, siririyar wayar nan ce da ke yin ja ta ba da haske, wadda takan tsinke bayan kimanin awa 1,000. A doguwar fitilar ofis kuwa, watau fulorasan, wasu 'yan wayoyi ne guda biyu da ke ƙarshenta, waɗanda idan suka ƙone sai a ga bakin fitilar ya yi baƙi, tana ƙyaftawa har ta mutu. Tambayar da ta daɗe tana damun masana ita ce: shin ana iya yin fitilar da ba ta da lagwani ko kaɗan? Amsarta ita ce fitilar indakshan.

Asali

A shekarar 1831 Michael Faraday, wani masani na Ingila, ya gano cewa ƙarfin maganaɗisu mai jujjuyawa yana iya haifar da lantarki a cikin wani abu ba tare da an haɗa su da waya ba. A kan wannan ƙa'ida aka gina taransifoma. A 1891 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a Amurka yadda kwalaben gilashi ke haske alhali babu wayar da ta taɓa su. Amma sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin abin ya shiga kasuwa sosai, lokacin da kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da irin tasa a farkon shekarun 1990, sa'an nan General Electric da Osram suka biyo baya.

Yadda Take Aiki

Sassanta uku ne. Akwai akwatin da ke karɓar wutar gida, mai jujjuyawa sau 50 a sakan, ya mai da ita mai saurin gaske. A samfurin Philips fiye da sau miliyan biyu da rabi a sakan. Akwai naɗin waya wanda ke mai da wannan wuta ƙarfin maganaɗisu. Sa'an nan akwai ƙwan gilashi rufaffe, mai ɗauke da iskar gas da ɗan ƙanƙanin zaiba. Ƙarfin maganaɗisun yakan ratsa gilashin ya motsa turirin zaibar, shi kuma ya fid da wani haske da ido ba ya gani. Farin garin da aka shafe cikin ƙwan da shi ne ke mai da shi hasken da ake gani. Ke nan babu wata waya a cikin iskar gas ɗin, balle ta ƙone.

Amfani

Na farko shi ne tsawon rai. Masu ƙera ta sun ƙiyasta mata awa 60,000 zuwa 100,000. Fitilar titi da ke ci awa 12 kowane dare tana yin awa 4,380 a shekara. Ke nan awa 60,000 sun kusa shekara 14. Wannan ya sa aka fi kafa ta a wuraren da canjin ƙwai ke da wuya ko haɗari, kamar hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da rufin masana'antu da dogayen turakun titi, inda kuɗin tsani da mota da ma'aikata ya fi kuɗin ƙwan.

Na biyu shi ne tsimin wuta. Ana auna haske da lumen, wuta kuma da wat. Ƙwan lantarki na da mai wat 100 yana ba da lumen wajen 1,400, domin yawancin wutar zafi take zama. Fitilar indakshan mai wat 85 kuwa tana ba da lumen 6,000, watau hasken ƙwai huɗu da 'yan kai.

Na uku, tana kamawa nan take. Jan fitilun titi irin na da sukan ɗauki mintoci kafin su sake kamawa idan wuta ta ɗauke ta dawo, abin da duk mazaunin biranen Nijeriya ya san muhimmancinsa. Har ila yau haskenta fari ne, ba ya ɓata launin kaya.

Naƙasu

Duk da haka, kowane allazi da nasa amanu. Tana da tsada wajen saye. Akwatin wutarta ba ya son zafi, sau da yawa ma yakan riga ƙwan mutuwa. Haskenta yana raguwa sannu a hankali. Zaiba kuma guba ce, shi ya sa ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Minamata a 2013 don rage amfani da ita. Bayan wannan duka, fitilar LED, wadda ba ta da zaiba kuma ta fi ta tsimin wuta, ta riga ta ƙwace mata kasuwa.

Kammalawa

Ko da yake zamaninta ya ja baya, darasin da ta bari yana nan. Ma'aikacin da aka ɗora wa sayen fitilun asibiti ko makaranta ko titi, bai kamata ya tsaya ga farashin ranar saye ba. Wajibi ne ya haɗa da kuɗin wutar da fitilar za ta sha, da yawan canjin da za ta buƙata, da inda za a kai ta idan ta mutu. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma dukiyar jama'a amana ce.