Abin da Takarda ke Haɗiyewa Kafin a Fassara Waƙa

Masu fassara waƙoƙin Hausa zuwa Ingilishi ko Faransanci sukan koka cewa kari da amsa-amo ba sa ƙetarawa zuwa wani harshe. Kukan gaskiya ne, sai dai asarar takan fara tun ranar da aka ɗauko waƙar daga bakin mai ita aka zuba ta a takarda.

A ɗauki makaɗan fada na Tsibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji, garin da Gobirawa suka kafa bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waƙarsu, kamar sauran waƙoƙin Hausa, tana tafiya ne bisa nauyin gaɓa, alhali rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. "Gari" na mazauni da "gari" na tuwo kamarsu ɗaya a rubuce, amma gaɓar farko ta na mazauni sassauƙa ce, ta na tuwo kuwa nannauya, kuma a kan irin wannan bambanci karin waƙa yake tsayuwa. Ga kuma karin harshe. Ɗalibin da ya naɗo waƙa a Tsibiri ko Agye ko Gazawa yakan ji "hwada" ya rubuta "fada", ya ji "rigas sarki" ya rubuta "rigar sarki", da sunan daidaitawa. Kafin rubutun ya isa hannun mai fassara, Bagobirin ya riga ya koma Bakano.

A nan ne waƙar Somaliyawa take da abin koyarwa, domin ita ma tsawon wasali ne ginshiƙin ma'auninta. Rubutun da Somaliya ta amince da shi a 1972 yana ninka dogon wasali, kamar yadda ake gani a sunayen manyan mawaƙansu biyu, Hadraawi da Gaarriye, saboda haka ma'aunin yana bayyana a shafi. A 1976 Gaarriye ya wallafa bayanin wannan ma'auni a jarida. Duk da haka akwai abin da ya gagari Ingilishi: waƙarsu ba ta dogara da amsa-amon ƙarshen ɗango ba, sauti guda ake zaɓa ya riƙa buɗe wata kalma a kowane layi har waƙar ta ƙare, ko da layukan sun haura ɗari. Wanda ya kwaikwayi haka da Ingilishi, waƙarsa takan zama abin dariya.

Mafitar da aka samu ita ce dandali. Cibiyar Fassara Waƙoƙi da Sarah Maguire ta kafa a Landan a 2004 ta haɗa Gaarriye da masanin harshe Martin Orwin da mawaƙin Ingilishi W. N. Herbert. Masanin ya warware ma'anar kalma bayan kalma, mawaƙin ya sake gina ta, sannan aka karanta asali da fassara a jere gaban jama'a. Mai sauraron da ba ya jin Somaliyanci ya sami ma'ana daga fassara, sautin kuma ya ji shi daga bakin mai waƙar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, inda rubutacciyar waƙa ma rerawa ake yi. Mutane da yawa a bakin makafi masu bara suka san Imfiraji ta Aliyu Namangi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tsayar da fassarar kusa da muryar. Lamarin kuwa ya ƙara nauyi tun 2025, da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, domin buƙatar fassara ƙaruwa za ta yi. Ɗalibin da zai tafi tattara waƙa a jihar Maraɗi ya kamata ya dawo da muryar da ya naɗa, ya rubuta ta da alamun tsawon wasali da karin sauti yadda aka furta ta, ya kuma nuna inda ƴan amshi suka karɓa da inda ganga ta yi magana ita kaɗai.