Ziyarar Wuni Guda Daga Birnin Shehu: Hanyar Bodinga da Sifawa da Shagari

 

Mun lura da wani abu ga masu zuwa Sakkwato ziyara. Mutum ya kan taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, ya sauka Hubbare, ya yi addu'a, ya shiga Masallacin Shehu da na Bello, sa'an nan ya juya gida yana cewa ya gama. Alhali kuwa shekara biyu kaɗai Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna cikin birnin nan, daga 1815 zuwa wafatinsa a 1817. Mutanen Mandera da Kajiji da sauran ƙauyukan ƙasar Shagari su ma ba su tsira daga wannan ba, gama kullum suna bin hanyar birni da buhunan gero da albasa, ba su ratse su ga abin da ke bakin hanyarsu. Saboda haka muka ga ya kamata mu tsara yadda mai mota zai fita da safe, ya ga wuraren nan, ya komo kafin faɗuwar rana.

Abu na farko shi ne zaɓen hanya. Wuraren tarihin jihadi sun warwatsu gabas da yamma. Degel da Gudu da Tafkin Kwatto, inda aka yi hijira da yaƙin farko a 1804, suna wajen arewa. Alƙalawa, wadda aka ci a 1808, tana can ƙasar Sabon Birni. A shekarun nan 'yan bindiga sun wahalar da mutanen sassan nan ƙwarai, don haka ba mu ba baƙo shawarar ya nufe su da iyalinsa. Hanyar da mu ke nufi ita ce babbar hanyar kudu, wadda ta fita daga Sakkwato ta wajen filin jirgin sama, ta bi Bodinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Ita ma ba a shigarta da ka. A tambayi direbobin tasha labarinta a daren da za a tashi, gama su ne ke kwana su tashi bisanta.

A bar birni bayan sallar Asuba, da gari ya waye sarai. Kafin hantsi an isa Bodinga, tafiyar ba ta kai kilomita 30 ba. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya zauna da almajiransa yana karantarwa yana wallafa littattafai. Duk wanda ya taɓa zama wurin tafsiri da azumi aka buɗe Liya'ut Tawili ya san nauyin mutumin da ya zauna garin nan.

Daga Bodinga zuwa Sifawa tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a nan ya kamata a daɗe. Shehu ya taso daga Gwandu ya sauka Sifawa wajen shekarar 1810, ya yi kamar shekara biyar. Yaƙi ya lafa a lokacin, sai ya koma ga abin da ya fi so, watau karantarwa da rubutu. Malamai suka riƙa zuwa daga nesa suna ɗaukar karatu. A Sifawa ne kuma, cikin 1812, ya raba aikin riƙon ƙasa: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, wanda ya riga ya kafa Sakkwato tun 1809. Daga wannan rabo ne Gwandu da Sakkwato suka zama gidaje biyu na daula guda. Wanda ya tsaya masallacin Shehu na Sifawa ya dubi ƙanƙantar garin, zai gane cewa mutumin da sarakunan tuta ke jiran umurninsa bai nemi fada ko ganuwa mai tsawo don kansa ba. Wannan darasi ba a samunsa daga bakin mai ba da labari kamar yadda ido ke ba da shi. A fara da gaida mai gari da liman, a nemi izini, su za su haɗa baƙo da wanda ya san wuraren.

In an yi sallar Azahar sai a wuce Shagari. Garin Alhaji Shehu Shagari ke nan, wanda aka haifa a 1925, ya fara da aikin malanta, ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya rasu a ƙarshen 2018 aka kawo shi gida aka rufe. Akwai madatsar ruwa kusa da garin. Mai sauran lokaci ya ratse Yabo, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin manyan da suka taimaki Shehu tun farko. A ƙasarsa ne, a Magabci, jama'a suka yi zango bayan yaƙin Tafkin Kwatto. Fatake kuwa su binciki ranakun kasuwannin garuruwan nan tun daga gida, don su haɗa ziyara da fatauci.

Wani zai ce, tun da an kama hanya, me zai hana a zarce Gwandu a ziyarci kabarin Malam Abdullahi, wanda ya koma can bayan wafatin Shehu ya rasu a 1829? Amsa ita ce Gwandu ranarta daban. Wanda ya cusa ta cikin wannan wuni zai yi ta gaggawa a Sifawa, ya kuma komo cikin duhu. Haka Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Bello inda ya rasu a 1837, tana gabas, ita ma sai a keɓe mata rana in hanya ta yi kyau.

Ga wata mas'ala da almajirai kan yi gardama a kanta cikin mota. A mazhabar Imamu Malik ba a yin ƙasaru sai tafiya ta kai buridi huɗu, watau mil 48, abin da ya kai kamar kilomita 80, kuma zuwa kaɗai a ke ƙirgawa, ba a haɗa shi da komowa. To, mai zuwa Bodinga da Sifawa da Shagari daga Sakkwato zai cika sallarsa. Mai zuwa Gwandu ta hanyar Tambuwal kuwa ya haye wannan gwargwado, sai ya yi ƙasaru da zarar ya wuce gidajen birni.

Saura guzuri. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗin tafiya ya yi nauyi, don haka ya fi sauƙi mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota guda. A cika tanki a birni, a duba taya da safiya, a ɗauki ruwan sha mai yawa. Da bazara zafi ya kan wuce awo 40, tsofaffi ba su jure shi. Da hunturu hazo ya kan rufe hanya da sassafe, sai a jinkirta tashi kaɗan. Kowane lokaci ne dai, da an yi sallar La'asar a juya, a yi Magariba a cikin birni. Hausawa sun ce da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Muna roƙon malaman makarantun allo na Bodinga da Shagari da Yabo su riƙa kai manyan almajiransu Sifawa ko da sau ɗaya a shekara. Abin kunya ne baƙo ya zo daga Agadas ya tambayi ɗan ƙasa inda Shehu ya zauna, ɗan ƙasa ya rasa amsa.

Allah ya kiyaye hanya, ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu. Haza wasalam.