Uwargida, Kimiyya Tana Madafinki

Sau nawa yaro ke kawo miki aikin gida na kimiyya, ki ce "jira Babanku"? Baba kuwa sai goman dare, yaro ya yi barci, gobe ya sha bulala. Haba uwargida! Ai amsar tana madafinki.

Rannan ƙanwata ta shigo da hawaye, wai an tambaye su dalilin sanyin ruwan randa. Na ce shafa jikinta. Da damshi ko? Ruwa ne ke tsattsafowa ta ƙananan kafofin yumɓu, in ya bi iska sai ya tafi da zafin. Da wannan dabara Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya haɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000.

In kuma kemistiri ne, zuba ruwan kanwa cikin tsamiya. Kanwa alkali ce, tsamiya asid, kumfar nan kuwa irin iskar da muke fitarwa ce wajen numfashi.

Don Allah ki daina cewa "ni ban yi boko ba". Jawo tabarma ku zauna tare.