Bawan da ya karɓi alƙalami daga hannun Mark Twain

Da aka ba Percival Everett lambar yabo ta Pulitzer a 2025 saboda littafinsa James, wanda tun a 2024 ya ci babbar lambar littattafai ta ƙasar Amurka, sharhi ya rabu gida biyu. Wasu suka ce an rama wa baƙar fata abin da Mark Twain ya yi musu, wasu kuma suka ce yayi ne kawai ake bi, ana tsame tsofaffin littattafai a rinin siyasar yau. Duka ɓangarorin sun ɗauka cewa sai yanzu bawan Amurka ya fara ba da labarinsa da bakinsa. A nan kuskuren yake.

Labarin asali sananne ne. A littafin Twain, Huckleberry Finn, da ya fito a Amurka a 1885, wani yaro farar fata da wani bawa mai suna Jim sun tsere a kan kogin Mississippi, yaron ne kuma ke ba da labari. Everett, malamin jami'a a Kalifoniya, ya mayar da bakin labarin ga bawan, wanda a nan ake kira James. A wurinsa, bayi suna magana da tsabtataccen Turanci a tsakaninsu, sai in Bature ya doso su koma karyayyen harshe, har darasinsa suke koya wa yara don kada ubangida ya tsargu. James yana karatu a ɓoye, kuma bawan da ya sato masa guntun fensir ya ɗanɗana kuɗarsa. Mai cewa an yi ƙarin gishiri ya tuna cewa tun 1740 dokar Karolina ta Kudu ta haramta koya wa bawa rubutu, wasu jihohin kuma suka tsananta irin wannan doka bayan tawayen bayi na Nat Turner a 1831. Ba a kafa wa abin da mutane ba sa iyawa doka.

Abin da ake tsallakewa shi ne shekaru 32 kafin littafin Twain, William Wells Brown, wanda ya gudo daga bauta, ya buga ƙagaggen labarinsa Clotel a Landan a 1853, kan 'yar da shugaba Thomas Jefferson ya haifa da baiwa. A Landan ya buga shi domin dokar 1850 ta ba da damar a kamo shi ko a jihohin da babu bauta. A 1859 Harriet Wilson ta fitar da Our Nig, inda ta nuna yadda ake azabtar da yarinya baƙa a gidan Turawan jihohin Arewa na Amurka, masu taƙama da ƙin bauta. Wa zai sayi littafin da ya tona asirin masu taimako? Haka ya nutse fiye da shekara ɗari, sai da masani Henry Louis Gates ya tono shi aka sake bugawa a 1983. Ita kuwa Zora Neale Hurston ta zauna da Kossola, tsohon da aka kwaso daga tashar Wida ta Dahomey a jirgin Clotilda a 1860, ta rubuta labarinsa yadda yake furta shi. Masu ɗab'i suka ce ta gyara masa harshe, ta ƙi. Ta rasu cikin talauci a 1960, kabarinta ba ko alama sai da marubuciya Alice Walker ta kafa dutse a 1973, littafin kuma, Barracoon, bai ga rana ba sai 2018. Marubutan suna nan tun farko. Mai buga musu da mai adanawa ne aka rasa.

Za a ce to ai Twain ma adawa da bauta ya yi, don me za a taɓa shi? Gaskiya ne, kuma Everett bai ɗauke shi abokin gaba ba. Ya ma gode masa a ƙarshen littafin. Amma Twain, da ya tashi a garin Hannibal cikin masu bayi, ya san zuciyar yaron ne, abin da Jim ke ɓoyewa kuwa bai taɓa shiga kunnensa ba. Shi ya sa a babukan ƙarshe ya bar Tom Sawyer, abokin yaron, yana wasa da Jim a ɗaure alhali ya san an riga an 'yanta shi. Wannan gurbin Everett ya cike.

Mu ma da sauranmu. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Amurkawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno. An kama shi yana yaro, aka ratsa da shi Sahara zuwa Tarabulus, ya bi ta Istanbul da Rasha, ya shiga rundunar Arewa a yaƙin basasar Amurka a 1863, ya buga tarihin rayuwarsa a Memphis a 1873. Hanyar da ya bi ita ce irin wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya bi da Shaihu Umar a nasa littafin. Ɗaliban Hausa nawa ne suka taɓa jin sunansa? Sassan harsuna na jami'o'inmu da hukumomin adabi na jihohi su daina jiran wani Ba'amurke ya ci lambar yabo da shi. Littafin Said ba shi da sauran haƙƙin mallaka, aikin da ya rage fassara ce da kuɗin ɗab'i.