Yadda ɗakin cin abincin wata mujalla ya koma kayan tarihi a Jamus

A gidan adana kayan fasaha na Museum für Kunst und Gewerbe da ke birnin Hamburg a Jamus, akwai wani ɗaki da baƙi ke tsayawa suna kallo kamar wani zane mai tsada. Ɗakin cin abinci ne na ma'aikatan mujallar Der Spiegel, wanda aka kwance daga tsohon ofishinta aka sake harhaɗa shi a nan a 2012.

Duk inda ido ya sauka da'ira ce. Teburan zagayayyu ne, fitilun da ke jere a bango kamar an kafa faifai, waɗanda ke rataye kuma kamar an kifa ƙwarya a kan 'yar'uwarta. Launin ja da ruwan lemo ya mamaye ɗakin tun daga ƙasa har rufi.

Mutumin da ya tsara shi, Verner Panton, ɗan ƙasar Denmark ne da aka haifa a 1926 ya rasu a 1998. Kafin wannan aiki ya riga ya yi suna da wata kujerar roba mai siffar harafin S, wadda aka zuba a dunƙule ba tare da ƙafafu huɗu ba.

Gini mai kusurwa, ciki mai lanƙwasa

A 1969 ne Der Spiegel, wadda Rudolf Augstein ya kafa a 1947, ta tare a sabon bene a Hamburg. Ginin kansa miƙaƙƙe ne kamar akwati, irin na ofisoshin wancan zamani. Aka ba Panton cikinsa: zauren shiga, ɗakunan taro, wuraren hutawa, ɗakin cin abinci, har da wurin ninƙaya na ma'aikata.

Ba duk aikin ne ya yi ƙarko ba. Gobara ta lalata wurin ninƙayar ba da jimawa ba, zauren shiga kuma aka sake masa fasali bayan wasu shekaru. Ɗakin cin abincin ne ya tsira yadda yake, har hukuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi da doka ta kare.

Ba haɗari ba ne cewa nan ɗin ne ya rayu. Aikin mujalla na takarda ne, takarda kuwa kusurwa huɗu gare ta. Haka teburin rubutu, haka kabad, haka kantar littattafai. Duk wanda ya taɓa neman shigar da gado cikin zagayayyen ɗakin kara ya san yadda wuri ke salwanta a bayansa. Saboda haka bango mai lanƙwasa kan zama ƙarfen ƙafa a inda edita ke zaune yana gyaran rubutu.

Amma a inda mutane ke haɗuwa, lissafin ya sauya. Zagayayyen teburi ba shi da kai, don haka babu kujerar oga. Babban edita da sabon ɗan rahoto suna fuskantar juna a nisa ɗaya, kuma a gidan jarida ba ƙaramin abu ba ne wannan, domin labari da yawa a bakin abinci ake fara jin ƙamshinsa kafin ya kai ɗakin taro.

Gilashin Gehry a New York

Shekara 30 bayan haka, wani kamfanin mujallu a Amurka ya bi irin wannan hanya. Condé Nast, mai buga Vogue da Vanity Fair da The New Yorker da GQ, ya tattara mujallunsa a bene guda mai lamba 4 a dandalin Times Square. Mujallu ne da kowace ke ji da kanta, kuma shugaban kamfanin, S.I. Newhouse, ya nemi wurin da zai haɗa ma'aikatansu.

Ya ɗauko Frank Gehry, wanda a 1997 ya girgiza duniyar gine-gine da gidan tarihin Guggenheim na Bilbao a Sifaniya. A shekarar 2000 aka buɗe ɗakin cin abincin da ya tsara, mai ɗaukar mutum kusan 260. Bangonsa na ƙarfen titaniyom ne mai launin shuɗi, yana tafiya kamar igiyar ruwa. Tsakanin kujeru kuma an tsayar da falle-fallen gilashi sama da 70, kowanne da irin lanƙwasarsa, kamar labulen da iska ke kaɗawa.

Dabarar tana cikin gilashin. Yana killace mutum har ya iya yin magana da abokin aikinsa, amma ba ya ɓoye shi daga idon kowa. A kamfanin da sana'arsa ita ce a gani kuma a ga mutum, wannan ya zo daidai.

Sai dai kuɗi ne ke magana. Miƙaƙƙen gilashi yanka shi kawai ake yi, lanƙwasasshe kuwa sai an gasa shi ya yi laushi, ya kwanta a kan wani abin zubi da aka ƙera da siffar da ake so. In kowane falle da siffarsa, to kowanne aikinsa daban, kuma in ɗaya ya fashe ba a zuwa kasuwa a sayo madadinsa. Akwai kuma batun sauti: bangon da ya lotsa ciki yana tara murya wuri guda, wanda ya turo waje yana warwatsa ta. Mai zanen da bai kula da wannan ba zai iya mayar da ɗakin hira gidan hayaniya.

Ranar tashi

Babbar matsalar takan fito ne ranar da mujalla za ta tashi. Ana ɗaukar tebura da kwamfutoci a zuba a mota, amma bangon da aka lanƙwasa don wani ɗaki ba ya shiga wani.

Der Spiegel ta koma sabon gini a unguwar HafenCity a 2011, ta miƙa mafi yawan ɗakin Panton ga gidan tarihi. Ba ta rabu da da'ira ba dai: rufin sabon ɗakin cin abincinta na ɗauke da zagayayyun faya-fayan alminiyom sama da 4,000, masu ƙananan huji da ke shanye hayaniya.

Condé Nast kuwa ya fara ƙaura zuwa One World Trade Center a 2014, ya bar gilashin Gehry a inda yake. Ɗakin ya yi shekaru a rufe kafin kamfanin Durst, mai ginin, ya gyara shi ya buɗe wa sauran 'yan haya. Cikin waɗanda suka kama hayar ofis a benen a 2020 har da TikTok.