Tsohuwar Kyanwa Mai Ciwon Ƙoda: Daga Ina Aman Yake Tasowa, Kuma Me Za Ka Yi?

Kowa ya san kyanwa da amai. Ta lashi jikinta, gashi ya taru a ciki, ta amayar, ta ci gaba da harkarta. Shi ya sa idan tsohuwar kyanwa ta fara amai sau biyu, sau uku a mako, sai a ce ai halinsu ne. Amma idan ka ga aman ya haɗu da yawan shan ruwa, yawan fitsari da rama, to ka zargi ƙoda. Ciwon ƙoda mai daɗewa yana cikin cututtukan da suka fi kama kyanwoyin da suka haura shekara 10, kuma ba ya warkewa. Abin da ake iya yi shi ne rage masa gudu, kuma shawo kan amai babban ɓangare ne na wannan aikin.

Me ya haɗa ƙoda da amai?

Aikin ƙoda tace jini. Tana fitar da dattin da jiki ya samar bayan ya sarrafa abinci, irin su yuriya da kiriyatinin, ta zubar ta fitsari. Idan ta gaza, dattin nan yana taruwa a jini. A can ƙasan ƙwaƙwalwa kuwa akwai wani ɗan wuri da ke lura da abin da ke yawo a jini. Da ya ji guba, sai ya ba da umarnin amai. Matsalar ita ce gubar ba a cikin tumbi take ba, don haka aman ba ya fitar da ita.

Abin da yake fitarwa shi ne ruwa da sinadarin fotasiyom. Jiki ya bushe, jinin da ke isa ƙoda ya ragu, datti ya ƙara taruwa, zuciya ta ƙara tashi, kyanwa ta ƙi abinci. Ka ga abu ya zama zagaye, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa wuta. A lokacin zafin bazara kuwa, bushewar ta fi sauri.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yawan asid a tumbi, shi ya sa ake yawan ba da magungunan gyambon ciki irin su famotidin da omefirazol. Bincike ya sa an sake tunani. A 2014, masana a Jami'ar Jihar Kolorado da ke Amurka sun duba tumbin kyanwoyi masu ciwon ƙoda, ba su ga gyambon da ake zato ba. A 2017 kuma wani binciken ya auna asid ɗin kai tsaye, ya ga bai fi na lafiyayyun kyanwoyi ba. Ma'ana, sau da yawa tashin zuciyar ya kamata a tunkara.

Kyanwa ba za ta ce maka zuciyarta na tashi ba, amma tana nunawa: lasar leɓe, dalalar yawu, ko ta zo gaban kwano ta shinshina ta juya.

Magungunan da aka gwada

Guda biyu sun fi samun hujja, dukkansu daga binciken Dakta Jessica Quimby da abokan aikinta. Na farko mitazafin. A gwajin 2013, kyanwoyin da aka ba su sun rage amai, sun ƙara cin abinci, nauyinsu ya ƙaru. A 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da nau'insa na shafawa a cikin fatar kunne, mai suna Mirataz. Na biyu marofitan, wanda ake sayarwa da sunan Cerenia. A gwajin 2015 ya rage amai, amma bai ƙara cin abinci ko nauyi ba.

Likitan dabbobi ne zai zaɓa kuma ya auna, domin ƙodar da ta gaji ba ta fitar da magani da wuri. Shi ne kuma zai iya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ya auna hawan jini, fosforas da fotasiyom.

Abu ɗaya kada ka kuskura: maganin mutane daga kemis. Ƙwayar farasitamol ɗaya tak tana iya kashe kyanwa. Aibufurofen da dikilofenak kuwa ƙodar suke ƙarasawa.

Abin da ke hannunka a gida

Ka raba abincinta kaɗan-kaɗan, sau huɗu ko biyar a rana, har da ɗan abu kafin barci. Wasu kyanwoyin suna aman farin kumfa da asuba ne saboda ciki ya daɗe ba komai. Abinci mai ruwa-ruwa ya fi busasshe, kuma idan ka ɗan ɗumama shi ƙamshinsa zai jawo ta. Ka ajiye ruwa mai tsafta a wurare biyu ko uku, a inuwa.

Ka rage abin da ke da yawan fosforas, kamar busasshen kifi mai ƙaya, ƙashi da madara. Ragowar miya ma ba tata ba ce: ga gishiri da magi, ga albasa da tafarnuwa masu lalata jajayen ƙwayoyin jininta. Akwai abinci na musamman don masu ciwon ƙoda, kuma a wani bincike da aka yi a Ingila a 2000, waɗanda suka ci shi sun rayu kwana 633 a tsaka-tsaki, waɗanda ba su ci ba kwana 264. Sai dai kada ka fara ba ta shi tana cikin tashin zuciya, don za ta iya tsanarsa har abada. A fara tsayar da aman, sannan a riƙa gauraya sabon da tsohon a hankali. Kuma kyanwar da ke cin abincin da ta saba ta fi wadda ke zaune da yunwa gaban na musamman, domin kwanaki kaɗan ba ci suna iya taɓa hantarta.

Ka riƙa rubuta ranar amai, lokacinsa da kamanninsa. Wannan takardar tana taimakon likita ƙwarai, saboda ba kowane amai ne na ƙoda ba. Taurin kashi, ciwon hanji, kumburin fankiriyas da yawan aikin tayirod duk suna kama tsofaffin kyanwoyi, kuma kowanne da maganinsa.

Yaushe ne ba a jira?

Idan ta yi amai sau da yawa a rana ɗaya, ko ruwa ma ba ya zama, ko ka ga jini ko baƙin abu a aman, ko ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba, ko fitsari ya tsaya, ka kai ta a ranar. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, ban da na gwamnatocin jihohi da masu zaman kansu.

Da kulawa, kyanwa mai ciwon ƙoda tana iya yin watanni, wata ma shekaru, tana ci tana kwanciya a gindin ƙafarka. Idan kuma aka kai inda magani ya daina tsayar da aman, kuma kwanakin wahala suka fi na sauƙi yawa, ka zauna da likitan ku yi maganar abin da ya fi mata rangwame.