CIWON JIKI DA ƘAGEWAR GAƁA

Jama'a, wannan takarda tana magana ne a kan ciwon baya, da na wuya, da na gwiwa, da gaɓar da ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Da wuya a sami gidan da babu mai irin wannan kuka. Manomi ya yini sunkuye da fartanya, uwargida ta yini tana daka da jan guga, ɗan dako ya sha buhu a ka. In dare ya yi sai ka ji an ce jiki ya yi tsami.

A manyan asibitoci akwai sashe guda wanda aikinsa ke nan. Mutane su kan ce da shi wurin gashi, ma'aikatansa kuwa likitocin fisiyo. A Kano akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe cikin 1959, da Asibitin Murtala a cikin birni, da Asibitin Malam Aminu Kano a hanyar Zariya, da Asibitin Nassarawa.

Sunan nan na gashi ya kan ruɗi mutane. Su kan zaci fitilar nan mai zafi da a ke haska wa mutum ita ce maganin. Ba haka ba ne. Zafi sassauta tsoka kawai ya ke yi, ya rage ciwo, domin a sami damar motsa gaɓa. Motsin shi ne maganin.

Ga dalili. Cikin kowace gaɓa akwai wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa. Shi ke sa ƙashi ya gogi ƙashi ba ciwo, shi ke ciyad da guringuntsi, amma sai ana motsi ya ke zagayawa. Ku dubi fatar da majemi ya jeme. Muddin ana murza ta tana nan da laushinta, in aka yar da ita a lungu sai ta ƙandare. Haka jijiya ta ke. Tsoka kuma in ta yi mako biyu ko uku ba ta aiki ba, sai ta soma ramewa. Shi ya sa wanda aka kwance wa ɗori ya kan ga hannunsa ya sirance, ba ya miƙuwa.

CIWON BAYA

Yawancin ciwon baya na aiki ne, ya kan lafa cikin 'yan makonni. Kuskuren da a ke yi shi ne a shimfiɗa tabarma a kwanta. Kwanciyar da ta wuce kwana ɗaya ko biyu ƙara sandarar da baya ta ke yi. A tashi a riƙa 'yar tafiya a tsakar gida, gobe a ƙara, jibi a kai bakin kasuwa. In za ka ɗauki kaya, matso kusa da shi, ka durƙusa da gwiwa, ka tashi da ƙarfin cinya. Kada ka murɗa ƙugu da kaya a hannu.

Gashi a gida ba wuya. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, a matse, a ɗora a wurin kamar minti 15 ko 20. Mai yin gashin ya fara gwada ruwan a hannunsa. Mu da ke aikin disfensa mun sha wanke ƙunar da aka yi wa tsoho da sunan gashi, domin mai ciwon suga, da mai kuturta, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye, sau da yawa ba su jin zafi sai fata ta saluɓe. Irin waɗannan kada a gasa su a gida.

Sabon targaɗe kuwa ba ya son zafi. Kwana biyun farko ruwan randa mai sanyi a ke sa masa, ko ƙanƙara a naɗe cikin tsumma, a ɗaga ƙafar bisa matashi. Bayan haka a soma takawa kaɗan kaɗan.

Tausa da man kaɗanya ko man gyaɗa tana da daɗi, ba ta da laifi, in dai a hankali ne. Amma kada a taushe sha-raɓar da ta kumbura ta yi zafi haka kawai. Mai yiwuwa jini ne ya daskare a ciki, asibiti za a kai shi ran nan.

GWIWA DA KAFAƊA

Mai ciwon gwiwa ya zauna bisa kujera, ya miƙe ƙafa sosai, ya ƙirga goma, ya sauke. Sau goma kowace ƙafa. Wanda kafaɗarsa ta ƙage har sa riga ya gagara, ya fuskanci bango, ya riƙa hawa da yatsunsa sama sama har inda ya iya, ya yi alama da gawayi. Bayan mako guda ya dubi alamar. A yi da safe, da azahar, da dare. Ɗan ciwon da ya lafa bayan an huta ba kome. Ciwon da ya kwana yana ƙaruwa, an yi da yawa ke nan, a rage.

Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ya fi kowa bukatar wannan, shi ne kuma a ka fi bari a ɗaka. A juya shi kowace awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. A riƙa miƙe masa yatsu da gwiwar hannu da ƙafa kullum, a hankali. Kada a ja shi ta hannun da ya mutu in za a tashe shi, kafaɗar ta kan goce. A kai shi wurin gashi da wuri, domin a watannin farko a ke samun yawancin sauƙi.

Ƙwayoyin gajiya da masu talla ke ƙullawa a leda, ku bar su. Shansu kullum ya kan ci ciki ya ɓata ƙoda.

WANDA ZA A KAI ASIBITI BA JIRA

Mai ciwon baya tare da zazzaɓi da rama da gumin dare, ko wanda ƙashin bayansa ya soma yin doro, gama tarin fuka ya kan kama ƙashi. Wanda ƙafafunsa suka yi sanyi, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya ke zuba bai sani ba. Gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi. Wanda a ka yi wa ɗori yatsunsa suka kumbura suka yi baƙi ko sanyi, a sassauta ɗaurin nan take a tafi da shi. Yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya kuma, a gaya wa ma'aikacin lafiya ran nan, ko da ya ke tun 2020 a ka tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna ta daji.

In za ku tafi, ku biya ta disfensa a ba ku takarda. Ku riƙe katinku da hoton ƙashi in an taɓa ɗauka, ku sa tufa mai yalwa. Wanda zai riƙa motsa majinyaci a gida shi ya kamata ya raka shi, domin a nuna masa da hannu.